Tsakanin Sutura da Gaskiya: Neman Tarihin Mazan Jiya

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. To amma idan mai waiwayen ya hango abin da ba zai faranta wa danginsa rai ba, ya faɗa ne ko ya kau da kai? Wannan tambaya tana jiran duk marubucin da ya ɗaura niyyar bin sawun kakansa tsohon soja, musamman irin mazan jiyan da suka fito daga gundumomin karkara kamar Rano da Gaya da Ƙaraye, waɗanda yawancinsu ba su bar ko da takarda ɗaya da hannunsu ba.

Bari mu fara da wahalar neman kanta. Rundunar da Turawa suka kafa a Afirka ta Yamma a 1897 ta ɗauki Hausa a matsayin harshen bariki, amma ba ta damu da nasabar mutum ba. Sau da yawa sunan yanka kawai ake rubutawa, a liƙa masa sunan gari, sai lamba. Saboda haka mai bincike zai tarar da Musa Kano ko Garba Katsina bila adadin, alhali wani ma daga wani ƙauye mai nisa ya zo. Shi ya sa lambar soja da ke jikin tsohuwar lambar yabo ko takardar sallama ta fi komai daraja. Da ita ake tunkarar Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa da ke nan Nassarawa, da kuma ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji. Kazalika tsofaffin ƙauye, musamman mata, sukan riƙe abin da takarda ta manta, kamar shekarar da aka tafi da wane, da matar da ya bari, da halin da ya dawo da shi.

Abin da za a samu wani lokaci abin alfahari ne. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japanawa a ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, kuma da su aka ci garin Myohaung a watan Janairun 1945. Wasu bataliyoyin Nijeriya sun shiga cikin dakarun Chindit a 1944, sunan da barikin Zariya yake ɗauke da shi har yau. A maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon akwai sunayen mutum kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da namu.

Sai dai kuma tulun da ya ɗebo ruwa shi kan ɗebo laka. Ba kowa ne ya tafi da son ransa ba. Wani talauci da haraji suka kora shi, wani kuwa nuna shi aka yi don a cika adadin da Turawa suka nema daga masu sarauta. Wanda ya ƙara zurfafawa baya yana iya tarar da kakan kakansa cikin sojojin da suka fasa ganuwar Kano a watan Fabrairun 1903, ko waɗanda suka ƙone Satiru a 1906, domin hafsoshin ne Turawa, masu riƙe da bindigogin kuwa 'yan ƙasa ne. Wani ya gudu daga fagen daga, wani ya dawo da taɓin hankali ya ƙare rayuwarsa ana yi masa dariya a kasuwa.

A nan ne ra'ayi ya rabu biyu. Wasu za su ce addini da al'ada sun hore mu da ambaton mamaci da alheri, kuma wanda ya rufa asirin wani Allah zai rufa nasa. Wannan magana ce mai nauyi, ba ta wasa ba. Mamaci ba ya iya kare kansa, jikokinsa kuma suna raye, suna neman aure, suna zama cikin jama'a.

Amma mu a namu ganin, sutura daban, shafe mutum daban. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000, galibinsu 'yan Afirka da Masar, da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba. Idan mu ma muka yi shiru don kunya, ko muka ƙawata labarin har mai shi ba zai gane kansa ba, to mun ƙarasa aikin da wancan sakaci ya fara. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Mafita ita ce marubuci ya bambance iri biyu. Abin da ya shafi jama'a, wato yadda aka ɗauki mutum da inda ya yi yaƙi da wanda ya yi wa, tarihi ne, wajibi ne a rubuta shi yadda yake, tare da bayanin zamanin da ya tilasta shi. Abin da ya tsaya tsakanin mutum da iyalinsa kuwa, wanda faɗarsa ba za ta ƙara wa kowa ilimi ba sai tonon silili, a shawarci dangi, in sun ƙi a bar shi. Daɗin daɗawa, kada mu zauna kan kujerar alƙali. Mu da muka ƙoshi ba mu san me za mu yi ba da mu ne matasan da dagaci ya aiko kira.

Marigayi Biyi Bandele, haifaffen Kafancan, daga labaran mahaifinsa ya gina littafinsa Burma Boy na 2007. Labarin da sojojin nan suka rayu cikinsa da Hausa, da Turanci ya fara isa duniya. Waɗanda suka je Bama sun kusa ƙarewa, sojojin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 kuma furfura ta cika musu kai. Kafin 15 ga Janairu mai zuwa, ranar tunawa da mazan jiya, kowannenmu ya ɗauki alƙalami da littafi ya nufi ƙauyensu, ya zauna gaban tsoho ya saurara. Allah ya jiƙan magabata, ya sa mu dace.