Kafin a sayar da filin Mairi

Ɗana, ajiye wayar nan ka matso kusa. Mahaifiyarka ta ce kana so a sayar da filinta na gado da ke nan Mairi, ka tafi Amurka digiri na biyu, ka koyi tsara manhaja yadda za ta yi wa mutane sauƙin amfani. Karatun ban ƙi shi ba, Allah ya sani. Abin da ya sosa mini rai shi ne jiya da na tambaye ka me za a koya maka, sai ka jero mini sunayen jami'o'i da albashin dala. Wa zai duba aikinka, kuma wace matsala za ka kai masa? Nan ka yi shiru.

Shekara talatin na yi ina aikin laburare, saboda haka bari in gaya maka asalin sana'ar da kake so. Louis Rosenfeld da Peter Morville, waɗanda littafinsu na 1998 ya zama madogara wajen tsara bayanai a intanet, dukansu ilimin laburare suka karanta a Jami'ar Mishigan. Aikin ɗaya ne da namu: ka ajiye abu inda mai nema zai same shi, ka raɗa masa sunan da shi mai neman zai gane. Sashen ilimin laburare yana nan Jami'ar Maiduguri, wadda kake hango katangarta daga ƙofar gidanku, amma ko sau ɗaya ba ka leƙa ka tambayi malamansa abin da suke bincike a kai ba. Ka raina na kusa, ɗana, kuma bai kamata ba.

Ka tuna farkon 2023, lokacin da takardun naira suka yi wuya? Da idona na ga dattijuwa a Kasuwar Monday ta miƙa wa yaro mai POS wayarta, ta faɗa masa lambar sirrinta a gaban jama'a, domin duk abin da ke fuskar wayar Turanci ne. Ita Kanuri take ji da Hausa, karatunta kuma na allo ne. Wanda ya tsara manhajar nan wataƙila yana da digiri biyu, sai dai bai taɓa zama da irinta ba. Garin da ake Kanuri da Shuwa da Babur da Margi, ga masu karanta ajami, ai ba ka rasa abin nazari ba.

Ko Jami'ar Carnegie Mellon ɗin da kake ta ambato, ɗalibanta na wannan fanni sai sun yi watanni suna aiki da masu amfani na gaske kafin su gama. Duk inda za ka nema, wannan za ka fara tambaya.

Ka ba ni shekara biyu. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta buɗe a 2023 yana koyar da fannin nan. Ka shiga, ka nemi aiki ko da ƙarami ne, ka tara abin nunawa. Tallafin karatu na Chevening na Ingila ma sai mai ƙwarewar aiki ta shekara biyu yake ɗauka, ka ga in Allah ya nufa filin mahaifiyarka ya tsira.

Gobe bayan azahar ka zo da littafin rubutu, ka raka ni kasuwar kifi ta hanyar Baga. Akwai mai banda da na sani, kullum yana aika kuɗi da karɓa ta waya. Za ka zauna gefensa ka kalli inda yatsansa ke tsayawa, kada ka gyara masa komai.