Baƙo da Ɗan Gari: Gida Na Wa Ne?

'Yan'uwa cikin Kristi, idan muka dubi masu zama tare da mu a benci ranar Lahadi, za mu ga iri biyu. Akwai wanda yake kwana a gidan da ya gada daga kakanninsa, akwai kuma wanda ya shekara 30 a garin nan, ya haifi 'ya'ya har da jikoki, amma har yau gidan haya yake. Sau da yawa na biyun baƙo ne. Me ya jawo haka, kuma daidai ne?

Kada mu yi saurin cewa ragwanci ne. Ɗan gari yana gadon fili, baƙo kuwa sai ya saya, in ma an yarda a sayar masa. Wani lokaci doka ce take masa iyaka: tsarin mulkin Gana na 1992 ya hana wanda ba ɗan ƙasa ba riƙe fili fiye da shekara 50 a yarjejeniya guda. Ga kuma tsoro. A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako 2 su bar Gana, Hausawa da Yarabawa da yawa suka sayar da gidajensu da araha ko suka bar su. A 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan, mutanen Gana kimanin miliyan 1 suka fita daga Nijeriya. Wanda ya ga haka da idonsa, ba mamaki ya gwammace ya biya haya a nan, ya gina a garinsu.

Ɗan gari ma yana da hujja. Filin gado ba kayan kasuwa ba ne kawai. Can kaburburan iyayensa suke, can kuma 'ya'yansa za su zauna. Yana tsoron kada mai kuɗi daga nesa ya saye kome, jikokinsa su zama 'yan haya a ƙasar kakanninsu. Wannan tsoro ba zunubi ba ne. Amma yana zama zalunci ran da muka hana maƙwabci wurin zama don sunan kakansa kaɗai.

Mu tuna da Ibrahim. Da Saratu ta rasu, ba shi da ko taki ɗaya a ƙasar Kan'ana, sai da ya sayi kogon Makfela daga Efron Bahitte a kan shekel 400 na azurfa, a gaban shaidu. Uban masu bangaskiya baƙo ne, kuma mutanen gari ba su hana shi saye ba. Littafin Firistoci sura 25 ya koya wa Isra'ilawa cewa ƙasa ta Allah ce, su kansu baƙi ne a wurinsa. Ko dokarmu ta filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da muke riƙewa takardar izinin zama ce. Ashe gado amana ne, kuma mai amana zai ba da lissafi.

Akan ce baƙo raɓa ne, da hantsi ya bushe. Amma mutumin da ya binne matattunsa a maƙabartarmu ya wuce raɓa. Saboda haka, masu gidajen haya a cikinmu, kada mu ƙara wa baƙo kuɗi don ba shi da mai tsaya masa, kada kuma mu kore shi ba wa'adi. Masu sayar da fili, mu yi takarda a gaban shaidu, kada mu sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, kada 'ya'yanmu su ƙwace bayan ranmu. Baƙi kuma su girmama masu wuri da al'adunsu.

Iyali Mai Tsarki sun yi baƙunci a Masar, wani ne ya ba su masauki. Allah ya sa a same mu cikin irinsa. Amin.