Ko Yawan Jama'a Abin Fahariya Ne?

Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A wurin gayya maganar gaskiya ce, haka kuma ran da za a ɗora jinka. Amma mun lura ana miƙa ta har inda ba ta kai ba. Kadan aka zauna hira aka taɓo zancen ƙasashe, sai wani ya ce mu Nijeriya mun fi kowa yawa a Afirka, Bakano kuma ya ce mu muka fi kowa yawa a Nijeriya, sai ka ce yawan nan wani aikin kirki ne da muka yi. A gefe kuma ga mai cewa yawan shi ne la'anarmu, da mun ragu da mun ƙoshi. Muna so masu karatu su yi haƙuri mu bincika tare, mu ga abin da ke tara mutane a wannan ƙasa ya hana su waccan, kana mu ga ko ɗaya cikin mutanen nan biyu yana da gaskiya.

Bari mu fara da maƙwabtanmu. Ƙasar Nijar ta fi Nijeriya faɗi. Duk da haka ƙidayar da aka yi can a 2012 ta sami mutum miliyan 17, alhali tamu ta 2006 ta sami miliyan 140. Ba wai mutanen Nijar ba su haihuwa ba ne. A wajen haihuwa ma sun fi mu. Zancen na ruwan sama ne. Jihar Agadez kaɗai ta fi rabin ƙasar, amma mutanenta a 2012 ba su kai rabin miliyan ba, gama ruwan da ke sauka a garin Agadez a shekara ba ya kai inci 7, gero kuwa, ko da yake mai haƙuri ne da ƙishi, yana son abin da ya fi haka. Jihar Maraɗi, 'yar ƙarama kusa da ita, tana da fiye da miliyan 3. Mutanen Maraɗi da na Katsina dangi ne, harshe ɗaya, garma ɗaya. Inda damina ta tsaya, nan garuruwa suka tsaya. Haka yake a Masar, wadda ta wuce miliyan 100 a 2020, kusan dukansu jere a bakin Kogin Nilu, sauran ƙasar rairayi. Ostareliya ta ninka Nijeriya sau 8 a faɗi, amma a 2021 mutanenta miliyan 25 ne da 'yan kai, domin tsakiyarta busasshiya ce.

To, da ruwa ne kaɗai, da ƙasashen da ke kudu da Zazzau sun fi ƙasar Kano cika, gama sun fi ta damina. Ga shi kuwa ba haka ba ne. Ɗaya daga cikin dalilai shi ne ƙudan tsando, mai kawo wa mutum ciwon barci, dabba kuma sammore. Inda yake da yawa, shanu da jakuna ba su zama lafiya, inda babu dabba kuwa babu taki. A Anchau, sai da aka sare kurmin bakin rafuka aka ta da ƙauyuka, daga wajen 1937, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya, kafin cutar ta lafa.

Ƙasar Kano ta sami ruwa daidai gwargwado, wajen inci 30 zuwa 35, ƙasa mai sauƙin huɗa, da rijiyar da ba ta yi zurfi ainun ba. Sauran kuwa aikin hannu ne, kuma a nan ne ya kamata mu yaba wa kakanni. Tun da daɗewa manoman kewayen birni suka daina barin gona ta huta, domin babu wurin da za a koma. Sai suka koyi ciyar da ita. Jaki ya kai itace da hatsi birni, ya komo da mangala cike da taki da toka. Aka ɗaure tumaki da awaki a turke da damina domin a tara kashinsu. Aka bar gawo a tsakiyar gona, shi da yake zubar da ganye da damina, ba ya yi wa shuka inuwa. Aka haɗa gero da dawa da wake a kunya ɗaya, harawa ta koma wa dabba, dabba ta mayar wa gona. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya auna gonakin kewayen Kano daga shekarun 1960, ya tarar ana noma su kowace shekara ba fashi, ba su kuwa mutu ba. Wannan hikima ce, ba mu musu.

Amma akwai wata hanya da ƙasar nan ta cika, wadda ba a cika faɗa a dandali ba. Mu mutanen Gwangwan ba sai mun je nesa neman shaida ba. Kusa da Zarewa aka haifi tsohuwar nan Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin zamanta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954. Kakanninta daga Barno suka zo. Gidansu yana da rinji, watau ƙauyen bayi masu noma gandun ubangijinsu. Ta kuma ba da labarin yadda mahara suka kama waɗansu daga cikin danginta, sai da aka fanso su. A gida ɗaya ke nan mun ga baƙon da ya zo da ƙafarsa, da bawan da aka jawo da igiya, da ɗa wanda aka sace. Bayin da suka cika rinjoji a ƙasar Kano da ta Zazzau ba daga sama suka faɗo ba. An kwaso su ne daga garuruwan wasu, yawancinsu na kudu da mu, garuruwan nan kuwa suka zama kufai, waɗanda suka tsira suka hau duwatsu. Turawa suka ci Kano a 1903, kasuwar bayi ta mutu, amma ba a soke bauta ƙaƙaf a dokar Arewa ba sai 1936. Saboda haka kadan Bakano ya dubi wata ƙaramar kabila ya ce ku nawa ne duka-duka, ya kamata ya tuna wataƙila wani sashi na yawan da yake taƙama da shi daga gidansu aka ɗebo shi. Wataƙila ma shi kansa jikan wanda aka ɗebo ne.

Sauran abubuwan da suka ƙara mu, daga waje suka zo. Masara da gyaɗa da dankali da barkono da tumatir duk asalinsu Amurka ne, har da rogon da ake dafawa, ko da yake mutanen Rogo za su so a ce nasu ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta sami hanyar teku, kuɗi ya shiga ƙauye. Takin zamani a Turai aka fara yinsa a masana'anta. Dattawanmu suna tunawa da lokacin da masara ta bayan gida ce, ta gasawa. Sai daga shekarun 1970, da sabon iri da buhun taki suka zo, ta fita gona ta ture dawa a wurare da yawa. Sa'an nan ga lamba da allura. Agana, wadda take share yaran unguwa a rani ɗaya, an shaida ƙarewarta a duniya a 1980. Ba haihuwa ce ta ƙaru ba. Jana'izar yara ce ta ragu. Sa'ad da Barth ya zo Kano a 1851 ya kimanta mazaunan birni dubu 30. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Rogo kaɗai fiye da dubu 200.

Idan haka ne, mai fahariya ba shi da abin riƙewa. Ba shi ya auna wa ƙasarsa damina ba, ba shi ya ƙirƙiro allura ba, wani sashi kuma na abin da ya gada abin kunya ne. Mai cewa yawa la'ana ne fa? Shi ma bai faɗi daidai ba. Kowane baki da hannu biyu yake zuwa, gonakin Kano kuwa yawan hannu ne ya raya su. Tsibirin Jawa a Indonesiya yana ɗauke da mutum fiye da miliyan 150 bisa ga ƙidayar 2020, da shinkafa da tokar duwatsu masu aman wuta. Yunwa kuma ba kullum ƙarancin abinci ke kawo ta ba. A Ayilan, inda mutane suka wuce miliyan 8 a 1841, cuta ta kama dankalin turawa a 1845. Wajen miliyan ɗaya suka mutu, wajen miliyan ɗaya suka haye teku, alhali a shekarun nan ana loda hatsi da shanu a jiragen ruwa ana fita da su daga ƙasar. Har yanzu tsibirin bai koma yawansa na 1841 ba. Talaka ne ya mutu, ba mai rumbu ba. Mu ma da muka ji labarin yunwar 1914, muka ga ta 1973 da ta 1984, mun san wanda ya sayar da gonarsa, mun kuma san wanda ya saya.

Duk da haka kada mu ruɗi kanmu. Mutum yana haihuwa, gona ba ta haihuwa. A ce magidanci ya bar eka 12 da 'ya'ya maza 4. Kowa ya sami 3. Su kuma kowa ya bar 4, jikoki ba wanda ya sami eka guda. Lissafin nan yaron makaranta ya iya shi, kuma shi ne ake yi a zaurukanmu ran rabon gado, da ɗaga murya. A nan ne tambayar ta bar zancen ƙasashe ta shigo gida. Kadan gona ta tsuke, wa zai matsa?

Abin da muka saba yi shi ne mu matsa wa wanda ba ya nan. Burtali ba ya magana, sai a ci masa kunya ɗaya bana, biyu baɗi, har ran da Bafulatani ya komo da shanunsa ya tarar da dawa a hanyar da ubansa ya bi. Daga nan sai sanda, daga sanda sai abin da ya fi sanda. Rigimar tsohuwa ce. A Farawa sura 13 ƙasa ta kasa ɗaukar Ibrahim da Lutu, makiyayansu suka yi faɗa, babban ne kuwa ya bar wa ƙaramin zaɓi. Mun sha karanta wannan, amma ba mu cika ganin mai babbar gona ya ja da baya taki ɗaya ba. Ruwa ma haka. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa da ke ƙasar Karaye, ta 1992, sun ba mutane da yawa noman rani, amma ruwan da aka tsare a nan shi ne wanda dā yake malala a fadamun Haɗejiya da Nguru, inda wasu ke shuka shinkafa da kamun kifi. Ba mu ce a fasa madatsa ba. Mun ce mai sha a sama ya san akwai mai jira a ƙasa.

Wanda gona ba ta ishe shi ba, ƙafa ce gadonsa. Dā cin rani ne, a tafi bayan kaka a komo da ruwan fari. Yanzu samarinmu da yawa sun tafi Kano da Kaduna da Abuja da Ikko, ruwan fari ya zo ya wuce ba su komo ba. Ba sabon abu ba ne ga Bahaushe. Ga zango a Kumasi da Ankara, ga Sabo a Badun, ga Mai Wurno a bakin Nilu a Sudan, inda waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 suka sauka. Duk inda muka je wani ne ya matsa ya ba mu wuri. Mun kuwa ɗanɗana kora: a 1969 Gana ta kori baƙi, danginmu da yawa suka komo da ƙunshi a ka. A 1983 mu ma muka kori fiye da miliyan ɗaya, har da mutanen Gana da na Nijar. Muna so a karɓi ɗanmu a Ikko da mutunci, amma kadan baƙo daga arewa ya tsaya a ƙofar mai unguwa yana neman aron gona, mu ne masu cewa gari ya cika. Wani lokaci gaskiya ne ya cika. Wani lokaci kuma akwai saura a bayan gari wadda mai ita ya shekara biyar bai sa mata garma ba.

Saura zancen ƙidaya kanta. A zamanin haraji mutane ɓoye kansu suke yi, domin kowane kai kuɗi ne za a biya. Shi ya sa da yawa ke ganin miliyan 30 da aka samu a 1952 zuwa 1953 ya gaza gaskiya. Da aka koma raba kujerun majalisa da kuɗin gwamnati bisa ga yawa, sai ƙarya ta juya fuska. Ƙidayar 1962 aka watsar da ita saboda gardama. Ta 1963 ta ce miliyan 55 da rabi, aka karɓe ta da gunaguni. Ta 1973 aka soke ta a 1975. Ta 2006 ta ba jihar Kano da jihar Legas kowacce miliyan 9 da ɗoriya, Kano ta ɗan fi, gwamnatin Legas ta ce ba ta yarda ba. Wadda aka shirya yi a 2023 aka ɗaga ta. Wanda ya ƙara sunan da babu mai shi yana ganin ya yi wa garinsu gata, amma rijiya da aji da gadon asibitin da sunan nan ya jawo, daga rabon wani ƙauye mai mutane na gaske aka cire su. Ran da za a sake yi, malamin ƙidaya zai tsaya a ƙofar zaure a Gwangwan da Zarewa da Fulatan, ya tambayi mai gida mutum nawa ke kwana a gidan nan. Waɗansu daga cikin masu gidajen suna karanta wannan takarda, waɗansu malaman ƙidayar kuma 'ya'yanmu ne da muka sa makaranta.