Dam da Kututture: Ina Amana Take Ƙarewa?

Idan shugaba ya ɗebi dukiyar jama'a ya gina musu wani abu, aka taru aka yanke kyalle, makaɗa suka yi kiɗa, shin ya sauke nauyin da ke wuyansa ke nan? Ko kuwa nauyin yana nan har ranar da amfanin abin ya isa ga wanda aka gina dominsa? Amsar da al'umma ta ba wannan tambaya ita ce ke nuna irin shugabannin da za ta yaba wa da irin ƙasar da za ta bar wa jikokinta. Abubuwa biyu da suka faru a ƙasar Hausa a shekara guda, wato 1983, sun isa su haska mana hanya.

A wannan shekara, zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, aka kammala dam ɗin Zobe a kan kogin Karaduwa, kusa da Dutsin-Ma. A lokacin ko jihar Katsina ba a ƙirƙiro ba, sai a 1987. An tsara dam ɗin ya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 170, domin a shayar da birane da ƙauyuka, a kuma noma dubban kadada da rani. Ginin ya tsaya, ruwa ya taru, amma bututu da magudanan da za su kai shi gidaje da gonaki suka yi ta jiran gwamnati bayan gwamnati. Sai a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da wani sashe na aikin ruwan sha na Zobe. Jaririn da aka haifa a shekarar da aka gama dam ɗin ya kai shekara 38 kafin wannan rana. Tsawon lokacin nan 'yan garuwa na tura kura a garuruwan da tafkin ke maƙwabtaka da su. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Abu na biyu ya faru a Maradi, wadda ba baƙuwa ba ce ga Katsinawa, domin zuriyar sarakunan Katsina na dā ne suka kafa daularta bayan jihadi, kuma har yau sarautar hakimin Kurfi Maradin Katsina ce. A can, wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya sha wahalar dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara tohon kututturan manyan itatuwa ne, waɗanda saiwoyinsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata kawai shi ne manomi ya zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi, ya rage sauran, ya kare su daga dabbobi da wuta. Manoman Nijar suka raɗa wa dabarar suna sassaben zamani. Bayan kimanin shekara ashirin, masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan suka gwada tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan'adam, suka ƙiyasta cewa kadada kusan miliyan 5 sun sake yin itatuwa, wajen bishiya miliyan 200. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

A Zobe akwai kuɗi da injiniyoyi da manyan motoci. A Maradi babu abin da ya wuce lauje da haƙuri. Me ya sa na biyun ya riga na farkon kai wa ga talaka? A ganina, asirin yana ga mai riƙo. Tun zamanin Turawan Faransa doka ta ɗauki itatuwa a matsayin kayan hukuma, don haka manomi ba ya ganin dalilin renon abin da za a ci shi tara idan ya taɓa. Da aka sassauta, ya tabbata cewa icen da ya rena nasa ne, sai kowace gona ta sami mai tsaro. Shi kuwa dam, na kowa ne a baki, amma babu mutum ɗaya da barcinsa ke yankewa idan famfo ya ƙafe. Wanda ya gina ya tafi da yabonsa, wanda ya gaje shi kuma yana neman nasa sabon aikin da za a rubuta sunansa a jiki.

A nan matsalar ta zama ta ɗabi'a. Mun saba girmama mai farawa fiye da mai kulawa. Ana kafa allon tunawa ga wanda ya aza harsashi, amma ba a taɓa yi wa ma'aikacin da ya gyara bututu cikin dare kirari ba. Alhali haihuwa ta kwana ɗaya ce, reno kuwa na shekaru ne, kuma da renon ake gane iyaye. Wanda ya karɓi mulki ya karɓe shi da ayyukan da ya tarar ba a gama ba, kamar yadda magaji ke karɓar gado tare da bashin da ke kansa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Mai ja da wannan ra'ayi zai iya cewa kwatancin bai yi adalci ba, tun da manoma ba za su iya gina dam da lauje ba, kuma ƙasa na da bukatu fiye da kuɗinta. Wannan gaskiya ce. Akwai ayyukan da sai hukuma. Sai dai ƙarancin kuɗi hujja ce ta kammala abin da aka fara kafin a ɗauko wani, domin aikin da aka bari rabi ya ci kuɗin kuma bai ba da amfanin ba. Zai iya ƙarawa da cewa talaka ma yana da laifi, shi ke sare itatuwa yana yin gawayi. To amma matar da ta sari reshe don ta dafa wa 'ya'yanta tuwo, ba ta da iskar gas ba ta da kananzir, ba za a ɗora ta a ma'auni ɗaya da mai sa hannu a kasafin kuɗi ba. Nauyin kowa gwargwadon ikonsa ne.

Ilimin kimiyya ya nuna cewa dam da bishiya makomarsu ɗaya. Idan aka sare itatuwan da ke gefen kogi, ruwan sama na kwashe ƙasa ya zuba ta cikin tafki, yashi da laka su riƙa cinye wurin ruwa a hankali. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, yana ƙara wa ƙasa taki, saiwarsa kuma na riƙe ta. Saboda haka manomin Kurfi ko na Dutsin-Ma da ya bar gawo goma a gonarsa yana cikin masu tsaron ruwan yankin, ko da bai taɓa shiga ofis ba. Katsina na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa a Nijeriya. Darasin Maradi ga wannan shiri shi ne a riƙa ƙirga itatuwan da suka rayu bayan shekara biyar, tun da ƙirga waɗanda aka dasa ranar biki ba ya tare hamada. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana zaune kusa da wannan tafki, kuma babu ɗakin gwajin da ya fi shi dacewa da ɗalibanta: su auna lakar da ke taruwa, su gwada sassaben zamani a gonakin maƙwabta, su bayyana wa jama'a sakamakon da Hausa.

Amana, ke nan, tana ƙarewa ne a bakin tulun wanda aka yi wa alkawari, kuma tana sabuntuwa kowace safiya da zai sake neman ruwa. Masu babban haƙƙi a cikinta su ne waɗanda ba a haifa ba tukuna, waɗanda ba su da ƙuri'a balle su yi ƙorafi. Idan ɗan takara ya zo neman goyon baya, kafin ya lissafa abin da zai gina, ya kamata jama'a su tambaye shi abin da ya tarar kuma ya riƙe da kyau.