Hantar Wanda Bai Taɓa Shan Giya Ba

Ɗana, na san amsar da za ka ba ni tun ban rufe baki ba. Za ka ce kai ko ƙofar mashaya ba ka taɓa bi ba, balle kwalba ta je bakinka, to me ya haɗa ka da lalacewar hanta? Allah Ya ƙara tsare ka. Amma gyara zama ka saurare ni, domin wannan amsar ta yaudari mutanen kirki da yawa, har da likitoci.

A da, idan likita ya duba tsokar hanta a madubinsa ya ga kitse da kumburi da tabo, hukuncinsa ɗaya ne: mai ita mashayi ne. In majinyaci ya rantse bai sha ba, sai a ce kunya ce ta sa shi ƙarya. Sai a 1980 wani likita mai suna Jurgen Ludwig da abokan aikinsa na asibitin Mayo a Amurka suka fitar da rahoto kan mutum 20 da hantarsu ta yi kama da ta mashaya, alhali ba sa sha. Yawancinsu mata ne masu jiki, da dama kuma suna da ciwon suga. Daga nan aka yarda cuta ce mai zaman kanta. Yau ana ƙiyasta cewa aƙalla mutum 1 cikin kowane manya 4 a duniya yana ɗauke da kitsen hanta. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, ƙasashen Larabawa na Gabas ta Tsakiya, inda giya ba ta da kasuwa sosai, suna sahun gaba wajen yawan masu shi. Afirka tana baya a ƙididdiga, amma dubi yadda cin abincinmu da zamanmu suka sauya a Kano da Kaduna da Maraɗi tsakanin zamanin kakanka da naka, ka gaya mini ko za mu daɗe a bayan.

Hantar babban mutum ta kai kimanin kilo ɗaya da rabi, tana kwance a dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Yawancin abin da hanji ya tsotsa daga abinci, ita yake fara isa kafin ya bazu a jiki. Ita ke adana suga, ta sarrafa mai, ta tace magani da guba. Ɗan kitse a cikinta ba laifi ba ne. Sai ya haura kashi 5 cikin 100 ne likita zai ce an samu matsala.

Yanzu ka taɓa cikinka. Wannan tumbin da ya fara turo riga tun da ka samu aikin ofis, wanda abokanka ke shafawa suna cewa "Alhaji an ji daɗi", shi ne babban abin da nake jiye maka tsoro. Kitsen cinya da na ɗuwawu yana zaune ne ƙarƙashin fata, ba ya cika ɓarna. Na tumbi kuwa a cikin ciki yake, ya naɗe hanji, kuma jinin da ke fitowa daga wurin kai tsaye hanta yake zuba. Ga kuma abin da ke biyo baya: idan kitse ya yi yawa, jiki yakan daina jin maganar insulin, sinadarin nan da ke shigar da suga cikin tsoka. Sai jiki ya ƙara fitar da insulin, shi kuma yawan insulin yana umartar hanta ta ci gaba da ƙera kitse. Shi ya sa ciwon suga irin na manya da kitsen hanta suke tafiya tare kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai. Fiye da rabin masu irin wannan ciwon suga suna da kitse a hanta, ko sun sani ko ba su sani ba. Idan aka haɗa da hawan jini da yawan maiƙo a jini, to an cika gida.

Ka karɓi tef ɗin tela ka auna kugunka daidai saitin cibiya. Ma'aunin da Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ba da, wanda ake amfani da shi ga mutanen Afirka, santimita 94 ne ga namiji, 80 ga mace. Wanda ya haura haka ya shiga layin masu haɗari, ko da sauran jikinsa bai nuna ƙiba ba.

Za ka ce to ai sai ka rage cin kitse da man gyada, shi ke nan. Da sauƙi da haka ne. A Faransa akwai wani abincin ƙasaita da ake yi da hantar agwagwa ko dinya wadda ta kumbura da kitse har ta ninka girmanta sau da yawa. Ka san da me ake ɗura wa tsuntsayen? Masara. Hatsi ake tura musu a maƙogwaro, hantarsu ta mayar da shi kitse cikin 'yan makonni. Hantar ɗan Adam ma ta iya wannan aikin. Tuwon shinkafa malmala uku, farin burodi, taliyar yara da dare, semo, duk abin da jiki bai ƙona ba, hanta ce za ta san inda za ta kai shi.

Amma a cikinsu duka, zaƙin da ake sha ya fi wanda ake taunawa illa, kuma a nan nake so ka tsaya. Sugan da muke zubawa a shayi rabi biyu ne: gulukos da furuktos. Gulukos kowace gaɓa tana amfani da shi, tsoka da ƙwaƙwalwa duka. Furuktos kuwa kusan duk nauyinsa a kan hanta yake sauka, kuma idan ya zo da yawa a lokaci guda, sai ta juya shi kitse. Abin sha ba ya jiran tauna, ba ya cika ciki, cikin minti biyu ka shanye. Kwalbar lemo ta roba mai santilita 50 takan ɗauki suga wajen giram 50, wato kusan cokalin shayi 12. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan shi ne iyakar abin da ya kamata babba ya sha a yini guda, daga dukkan abincinsa, in da hali ma ya tsaya a rabinsa. To kai lissafa naka. Kakkauran shayi da safe, ga madara ga suga ga Bournvita. Lemon kwalba bayan abincin rana saboda zafin gari. Zoɓo ko kunun aya a ɗaurin aure, wanda mai yin sa ta zuba suga da gwangwani. Fura da yamma, ita ma yanzu ba a shan ta sai an zuba. Na malti kuwa, da ake kai wa marar lafiya a asibiti wai yana ƙara jini, shi ma suga ne a narke. Gwamnatin Najeriya ta sa harajin naira 10 kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021. Ban ga wanda naira 10 ta hana shi buɗe kwalba ba.

Ban manta da azumi ba. Wata ne da ya kamata hanta ta huta, ta ƙone abin da ta tara. Sai mu kuma mu rama yunwar yini da jug ɗin zaƙi mai ƙanƙara, soye-soye a bayansa, mu kwanta. Dabino da ruwa ba su taɓa cutar da kowa ba. Ɗan itacen da aka ci da ɓawonsa da tsakinsa, mangwaro ko gwaba ko kankana, shi ma ba abin tsoro ba ne, domin zaƙinsa a hankali yake shiga jini.

'Yata, ke ma ina da magana da ke, kuma taki ta fi yi mini zafi. Na san abin da ake faɗa wa yarinya siririya idan biki ya matso: ki ciko, kada dangin miji su ce ba a ba ki abinci. Sai ƙawa ta miƙo ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda ake saye a kemis ko a tiren mai talla ba takardar likita. Da yawansu deksametason ne, magani mai ƙarfi da aka yi domin cututtuka irin su asma da kumburi mai tsanani. Cikar da yake kawowa ita ce alamar illarsa: fuska ta yi zagaye, ciki ya fito, ƙafafu su sirance, suga ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni, kitse ya taru a hanta. Kuma wadda ta daɗe tana sha ba ta isa ta yanke shi rana ɗaya ba, domin hakan ma yana iya kayar da ita. Sai likita ya riƙa rage mata a hankali. Wallahi babu mijin da ya kai wannan farashin. Idan kuma al'adarki tana rikicewa, gashi yana fito miki a haɓa, haihuwa ta yi jinkiri, ki je a duba ki, domin matsalar ƙwan mace da ke kawo waɗannan alamu tana tafe da haɗarin kitsen hanta. Haka ma iyayenmu mata bayan ɗaukewar al'ada.

Akwai wasu magunguna na halal da su ma kan tara kitse a hanta, kamar tamoksifen na sankarar mama da wasu na farfaɗiya da na bugun zuciya. Wanda likita ya ɗora shi a kansu kada ya daina, ya dai tambaya a riƙa duba masa hanta. Mai minshari mai ƙarfi wanda numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, shi ma yana cikin lissafi. Gado ma yana da hannu: a 2008 masu bincike a Dallas suka gano wata ƙwayar halitta da ke sa wasu tara kitsen hanta fiye da wasu. Don haka siriri ma kada ya yi dariya, musamman in akwai ciwon suga a gidansu.

Muguntar wannan cuta shirunta. Shekaru za ta yi ba ciwo ba zazzaɓi, iyaka ɗan kasala ko nauyi a gefen dama, wanda kowa zai ɗora wa gajiya ko shawara. Yawancin masu ita a nan za su tsaya. Wasu kuwa kitsen yakan jawo kumburi, kumburi ya bar tabo, tabo ya yi yawa har hanta ta ƙanƙance ta taurare. A lokacin ne ciki ke cika da ruwa, ido ya yi ɗorawa, a yi aman jini, wani lokaci sankara ta biyo baya. Duk da haka, abin da ya fi kashe masu kitsen hanta ciwon zuciya ne da shanyewar ɓarin jiki, domin tushensu ɗaya. Mu kuma a nan muna da ƙarin kaya: ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a cikinmu, ga gubar fumfuna a gyada da masarar da ba ta bushe da kyau ba. Hantar da ke fama da waɗannan ba ta da sauran ƙarfin ɗaukar kitse.

Sauƙin da Allah Ya yi shi ne, matuƙar tabo bai yi nisa ba, hanta tana komawa daidai. Rage kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki yana narkar da kitsen, yana kwantar da kumburin. Mai kilo 90 ke nan ya sauke kilo 6 zuwa 9, a hankali cikin watanni, domin ramar gaggawa da horon yunwa su ma suna tura kitse hanta. Tafiya mai ɗan sauri ta minti 150 a mako ita ce mizani, wato rabin awa a rana, kwana biyar. Masallacin da kake hawa babur ka je, ƙafarka za ta iya kai ka. Wake, zogale, rama, kuɓewa, gero da dawa da ba a cire musu dusa ba, duk suna kasuwar unguwarku, kuma sun fi lemon kwalba araha.

Abin da ban yarda ka yi ba shi ne tsayawa gaban motar mai lasifika ka sayi jarkar "wankin hanta". Ba ka san abin da ke ciki ba, ba ka san adadinsa ba, kuma duk abin da ka haɗiya hantar da kake son ceto ce za ta fara karɓarsa. Kuɗin jarkar ka kai asibiti. Ka ce a auna maka suga da hawan jini da maiƙon jini, a gwada ka ciwon hanta nau'in B da C, a yi gwajin aikin hanta, a ɗauki hoton ciki. Ka sani gwajin jini yakan fito lafiya ƙalau alhali kitsen yana nan, saboda haka in kana da tumbi ko ciwon suga, ka faɗa wa likita da bakinka cewa hantar kake so a duba, ka kuma tafi da kwalin duk maganin da kake sha, har da na gargajiya.