Masallacin Ƙurɗuba: na wa ne?

Matafiyin da ya isa Ƙurɗuba, a kudancin Ispaniya, ba baƙon sunan ba ne, domin tun yana yaro yake jin almajirai suna karanta Ƙurɗabi a zaure. Yana shiga masallacin da Abdurrahman na ɗaya ya aza harsashinsa wajen 785, sai ginshiƙai fiye da 850 su kewaye shi, ga mihrabi da adonsa. Amma in ya ɗaga hannu zai yi kabbara, mai gadi zai tsai da shi: tun 1236, da Kirista suka ci garin, wurin majami'a ne.

Wasu kan fito da hawaye, suna cewa ƙwace ne. Ba su yi ƙarya ba. Sai dai yawancin masallatan Andalus rushe su aka yi. Na Sebiya, hasumiya da farfajiya ne suka saura. Wannan kuwa, hannun da ya ƙwace shi, shi ya riƙa gyara rufinsa kusan shekara 800. To, wa ya fi haƙƙi a kan gini, wanda ya aza shi ko wanda ya hana shi faɗuwa? Matafiyin dai sai da ya sayi tikiti, kuma da takalminsa ya shiga.