Hanyar Yariko Ta Biyo Ta Tasharmu



A cikin Bisharar Luka, sura ta 10, Ubangijinmu Yesu ya ba da misalin matafiyin da 'yan fashi suka tare tsakanin Urushalima da Yariko, hanya mai gangara da duwatsu, wajen kilomita 27. Mu da muke zaune a Kongolam, bakin iyakar Nijar, inda motoci ke tashi zuwa Daura da Kano da Damagaram, wannan labari namu ne. Talaka ba shi da motar kansa. Acaba da Adaidaita Sahu da motar haya su ne ƙafafunsa zuwa kasuwa da asibiti da sujada.

Mun ga yadda mugunta ta bi talaka har cikin abin hawansa. A ranar 18 ga Maris 2013 bam ya tashi a tashar mota ta Sabon Gari a Kano, ya hallaka matafiya. A farkon shekarar 2013 aka hana acaba a birnin, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, dubban matasa suka rasa sana'a saboda laifin 'yan kaɗan. A Disamba 2021 'yan bindiga suka ƙone fasinjoji cikin motarsu a yankin Sabon Birni na Sakkwato. A 28 ga Maris 2022 aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari. Ga kuma masu ƙwacen waya, waɗanda kan shiga Adaidaita Sahu kamar fasinjoji, da wuƙa a ɓoye.

Amma mu lura, Yesu bai daɗe a kan 'yan fashin ba. Ya tsaya a kan firist da Balawe, waɗanda suka ga mutumin suka ratse. Sau nawa muke taruwa kan wanda aka sara, kowa yana ɗaukar hoto, ba mai ɗaukarsa? Muna tsoron a riƙe mu shaida. To, mu sani tun 2017 dokar ƙasa ta wajabta wa asibitoci su karɓi wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Kuma duk wanda ya sayi waya da araha, alhali zuciyarsa ta gaya masa ta sata ce, ya ɗauki rabonsa cikin jinin da aka zubar. Doka ta bakwai ta hau kansa kamar yadda ta hau kan ɓarawon.

Basamariyen nan baƙo ne, addininsa dabam, amma bai tambayi mai raunin ƙabilarsa ba. Ya ɗaure masa rauni, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya biya dinari biyu. Haka nan direban da zai tsaya dominmu gobe, mai yiwuwa maƙwabcinmu Musulmi ne. Mu ma mu tsaya dominsa.

Saboda haka, mu riƙa shiga mota a tasha, inda aka san direba. Direbobinmu da masu acaba su ƙi ɗaukar kayan da suke shakka, ko da kuɗin ya yi yawa. Iyaye su tambayi 'ya'yansu inda sabuwar waya ta fito. Mu yi addu'a domin matafiya, da kuma tubar masu tare hanya, gama su ma 'ya'yan wasu ne.

Allah ya kiyaye fitarmu da shigarmu. Amin.